Alƙalamin Wani, Sunan Wani: Sana'ar Marubutan Bayan Fage

A shekarar 1962 maɗaba'ar Jami'ar Kambirij da ke Ingila ta fitar da tarihin rayuwar Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, mai suna My Life, wanda daga baya aka mayar da shi Hausa da sunan Rayuwata. Sunan Sardauna kaɗai ne a bango. Sai dai duk wanda ya san yadda ranakun Firimiyan Arewa suke a wancan zamani, yau majalisa a Kaduna, gobe rangadi a lardi, jibi Ikko ko ƙasa mai tsarki, dole ya tambayi kansa yaushe mutumin ya sami sararin zama ya cika shafi fiye da 200 da Turanci. Masu binciken tarihin Arewa sun daɗe da amsa wannan tambaya. Akwai hannun Sir Rex Niven a ciki, wani tsohon Razdan da ya shugabanci zaman Majalisar Dokoki ta Arewa, daga baya kuma aka ba shi aiki na musamman kusa da Firimiya. Rayuwar ta Sardauna ce, ra'ayoyin nasa ne, shi ne kuma ya yarda aka buga. Jera kalmomin ne aka taya shi.

Wannan aiki sana'a ce mai zaman kanta. Mutum ya rubuta littafi, ko jawabi, ko sharhin jarida, ko ma saƙon Facebook, a biya shi ladansa, sannan abin ya fita da sunan wani. Shi ne marubucin bayan fage. Wasu da sun ji haka sai su yamutsa fuska, su ce ai wannan yaudara ce tsagwaronta. Wasu kuma su ce neman halal ne kamar kowane. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, domin mutum uku ne a cikin cinikin: mai suna, mai alƙalami, da mai karatu. Kafin a yanke hukunci sai an duba ko akwai wanda aka cuta a cikin ukun nan, da kuma ta inda aka cuce shi.

Daga fada zuwa bakin kotu

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan aiki ba ce. A daular Sakkwato, wasiƙun da ke kai da komo tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan gabas ta gidan Waziri suke bi, tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Muhammadu Bello. Malaman fada ne ke tsara wasiƙa da Larabci, su zaɓi gaisuwar da ta dace da darajar wanda za a aika wa, sannan a buga hatimi. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 sun tarar da tarin irin waɗannan takardu a gidan Waziri Buhari, har wani jami'insu, H. F. Backwell, ya fassara wasu aka buga a 1927. Masarautar Kazaure, wadda Ɗantunku ya kafa harsashinta wajejen 1819, wadda kuma a yau ta ƙunshi Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, a cikin wannan tsari ta tashi. Ba wanda ya taɓa cewa sarki ya yi ƙarya don magatakarda ne ya riƙe alƙalami. Hatimi ne shaidar cewa maganar tasa ce, shi ne kuma zai ɗauki nauyinta.

Talaka ma yana da nasa magatakardan. Manyan yankin Kazaure ba su manta da malamin rubuta wasiƙa ba, mai kafa ɗan teburinsa a gindin bishiya kusa da gidan waya ko bakin kotun alƙali. Dattijo ya taso daga Karkarna ko wani ƙauyen Gwiwa, yana son aika saƙo ga ɗansa da ya tafi ci-rani Kurmi ya yi shiru. Malam ya gyara takarda, ya ce, “To Baba, me za a ce masa?” Dattijo ya shiga zuba faɗa, har da cewa in damina ta faɗi bai dawo ba, kada ya sake kiransa uba. Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya duƙa. Ya buɗe da gaisuwa da fatan alheri, ya ambaci lafiyar tsohuwa da ta dabbobi, ya cusa faɗan a tsakiya amma ya rage masa kaifi, ya rufe da addu'a. In ya gama sai ya karanta wa mai saƙo. Wani ya gyaɗa kai ya ce, “Haka nake nufi, malam, Allah ya yi albarka.” Wani kuwa ya ce a'a, a mayar da maganar yadda ya faɗe ta, so yake yaron ya ji zafi. Dole malam ya ɗauki sabuwar takarda.

Duk ginshiƙan sana'ar suna nan a kan wannan ɗan tebur: a saurara, a tsara, a karanta wa mai magana, shi kuma ya yanke.

Haɗarin ma yana nan. Wanda bai iya karatu ba ana iya sa shi ya dangwala yatsa a takardar sayar da gona yana zaton jingina ce. Shi ya sa tun zamanin Turawa aka kafa dokar kare waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba, wadda jihohi suka gada. Dokar ta wajabta wa duk wanda ya rubuta takarda a madadin irin wannan mutum ya sa sunansa da adireshinsa a jikinta. Sa sunan daidai yake da shaida cewa umartarsa aka yi, cewa abin da aka faɗa masa ya rubuta, cewa kuma ya karanta ya yi bayani kafin a sa hannu. Tun kafin wannan doka, almajiran ilimi sun san ayar bashi, ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo. Ta ɗora wa marubuci adalci a abin da yake rubutawa, ta kuma bar shifta a bakin wanda nauyin ke kansa.

Yau teburin ya koma shagon kwamfuta. A Kazaure da Babura da sauran garuruwa, matasa ne ke tsara wa mutane takardar neman aiki, da takardar koke, da yarjejeniyar sayen fili. Sakataren ƙungiyar ci gaban gari ne ke kwana yana rubuta jawabin maraba da shugaba zai karanta ranar da babban baƙo ya zo. Jami'in yaɗa labarai ne ke rubuta saƙon barka da Sallah na ciyaman. Shafin ɗan siyasa na Facebook kuwa, sau da yawa wani yaronsa ne ke riƙe da shi, yana rubuta “ni” alhali ba shi ba ne.

In mai maganar ne ya ɓace

Akwai wani juyi na labarin wanda Hausawa suka fi kowa saninsa. A nan mai alƙalami ne ke ɗaukar suna, mai maganar ya koma baya.

Dorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram wanda aka kama a bauta, aka 'yanta shi, ya bi Bajamushe matafiyi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. A can ya zauna wurin wani ɗan mishan, J. F. Schön, yana ba shi labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da tatsuniyoyi, shi kuma yana rubutawa. A 1885 aka buga Magana Hausa, ɗaya daga cikin littattafan farko na zuben Hausa da boko. Sunan Schön ne a kai, shi da bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Dorugu ya dawo gida, ya rasu a Kano a 1912. Sai a 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fitar da labarinsa a matsayin tarihin rayuwa na mai shi.

Haka abin yake da babban ƙamusun Hausa na 1934. Kowa Bargery, wanda sunansa ke kai, yake ambato, amma shekarun da Malam Mahmudu Koki ya yi yana taya shi tattaro kalmomi da tantance ma'anoni ba kowa ya sani ba. Littattafan tatsuniyoyi uku da Frank Edgar ya fitar tsakanin 1911 da 1913 ma malamai ne suka rubuta yawancin abin da ke ciki da ajami.

Baba mutuniyar Karo ta fi su sa'a. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 ta zauna da Mary Smith a ƙasar Zazzau tana ba ta labarin aure da kishi da bori da zuwan Turawa, Baturiyar tana rubutawa da Hausa. Littafin ya fito da Turanci a 1954, sunan Baba ne sunansa, na Mary Smith kuma a gurbin marubuciya. Baba ba ta gan shi ba, ta rasu a 1951.

Misalin da ya fi tsafta shi ne na Shaikh Abubakar Mahmud Gumi. Tarihin rayuwarsa, Where I Stand, ya fito a 1992, shekarar da ya rasu. A bango an rubuta sunansa, aka kuma bi shi da na Ismaila A. Tsiga, malamin Turanci a Jami'ar Bayero, wanda ya zauna da shi ya tsara littafin. Mai karatu ya san muryar waye yake ji, ya kuma san hannun waye ya jera. Darajar Malam ba ta ragu ba don an ambaci wanda ya taya shi.

Bahaushe kuwa ya damu da sanin mai abu. Marubutan waƙoƙi na dā sukan rufe waƙa da ambaton sunansu, wani har da na mahaifinsa da ramzin shekara, don kada a jingina ta ga wani. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, da ka yake tsara baitocin Imfiraji wasu su rubuta, amma ba wanda ya taɓa kiran masu rubutawar mawallafa. Jama'a sun san bambancin wanda ya haifi magana da wanda ya ɗora ta a takarda. Rikicin marubucin bayan fage shi ne yakan tsaya a tsakiyar biyun: abin faɗar na wani ne, salon faɗar nasa ne.

Abin da ke jan mutane

Me zai sa gwanin rubutu ya yarda a rufe sunansa? Na farko kuɗi. Marubucin Hausa da ya buga littafinsa da kuɗin aljihunsa ya san wahalar bin dillalan kasuwa bashi, ya san kuma yadda ake wayar gari a ga labarinsa yana yawo a WhatsApp kyauta, wani lokaci ma an goge sunansa. Marubucin bayan fage ba ruwansa da wannan caca. An yi ciniki, an ba shi kafin alƙalami, in ya miƙa aiki a cika masa. Ko littafi ya yi kasuwa ko ya yi kwantai, shi ya riga ya karɓa.

A manyan kasuwannin littafi kuɗin ba na wasa ba ne. Tony Schwartz, ɗan jaridar da ya rubuta wa Donald Trump The Art of the Deal a 1987, ya karɓi rabin dala 500,000 da kamfanin ɗab'i ya bayar tun farko, da kuma rabin duk abin da littafin ya kawo daga baya. Littafin Yarima Harry na Ingila, Spare, ya fito ranar 10 ga Janairun 2023, aka sayar da kwafi miliyan 1.43 a rana ɗaya a Birtaniya da Amurka da Kanada. J. R. Moehringer ne ya rubuta shi, kuma sunansa ba ya bango. Shi ne dai ya rubuta wa gwarzon wasan tanis Andre Agassi nasa tarihin a 2009, inda Agassi ya bayyana cewa ya nemi a sa sunan marubucin, marubucin da kansa ya ƙi.

Na biyu shi ne shiga inda ba kowa ke shiga ba. Richard Stengel ya yi watanni yana bin Nelson Mandela yana ɗaukar hirarsa, abin da ya zama Long Walk to Freedom a 1994. Alex Haley ya yi dare da yawa yana sauraron Malcolm X kafin littafinsu ya fito a 1965. Christina Lamb ta zauna da iyalin Malala Yousafzai kafin nasu ya fito a 2013. Marubuci yana jin abin da babban mutum ba ya faɗa a gaban makirfo.

Na uku kuwa, akwai masu son rubutu amma ba sa son idon jama'a. Suna ya ja yabo, ya kuma ja zagi da ƙara a kotu. Wani ya gwammace ya yi aikinsa ya koma gida lafiya.

Aikin kansa ba sauƙi gare shi ba. Ana farawa da hira, zama bayan zama, waya tana ɗaukar murya. Sai a kwafe hirar kaf a takarda, wanda yakan ci lokaci ninkin na hirar sau da yawa. Daga nan a shiga tantancewa, domin ƙwaƙwalwa tana da son kai. Alhaji ya ce shi ya fara kawo injin niƙa garin, marubuci ya je ya tarar da dattawa biyu da suka ce ba haka aka yi ba. Ya dawo ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan wurin fa akwai magana.” Abin da ya fi wuya shi ne kama murya. Kowane mutum yana da kalmomin da yake so, da karin maganar da ba ta barin bakinsa, da inda yake jan numfashi. In ɗan kasuwar da bai wuce makarantar allo ba ya fito a littafi yana magana kamar farfesa, iyalinsa ne za su fara dariya. Gwanin marubuci shi ne wanda matar mai littafi za ta karanta ta ce wallahi kamar yana zaune yana faɗa.

Inda ake tuntuɓe

Tela ne ke ɗinka babbar riga, mai ita ya sa ranar Sallah a yaba masa, ba wanda aka yaudara, don kowa ya san ba shi ya riƙe allura ba. Ranar da ya ɗauki rigar ya shiga da ita gasar teloli ne magana ke canzawa. Yawancin jawaban shugabanni suna cikin kashi na farko. Ba wanda ke zaton gwamna da hannunsa ya rubuta jawabin kasafin kuɗi. Abin da jama'a ke nema shi ne ya san abin da ke ciki, ya yarda da shi, ya kuma tsaya a kansa.

A nan ne ake yawan faɗuwa. Ranar 8 ga Satumban 2016, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da gangamin gyaran ɗabi'u mai taken canji ya fara daga kaina. Ba a jima ba wani ɗan jaridar ThisDay ya gano cewa wani sakin layi na jawabin an ɗebo shi ne daga jawabin nasarar zaɓe da Barack Obama ya yi a 2008. Fadar shugaban ƙasa ta amsa laifi, ta ɗora shi a kan wani jami'i cikin masu tsara jawabi. Wata huɗu bayan haka, ranar 7 ga Janairun 2017, aka kama irin wannan a jawabin rantsar da Nana Akufo-Addo na Gana, inda aka tsinci kalaman Bill Clinton da na George W. Bush, daraktan yaɗa labaransa ya fito ya ba da haƙuri. A lokuta biyun, mai alƙalami ya ci amanar maigidansa. Amma jama'a ba su san shi ba, wanda ya tsaya a gabansu ya karanta suka sani. In jawabi ya yi daɗi mai suna ke karɓar tafi, don haka in ya ɓaci ba shi da hurumin cewa ba ruwansa.

Lambar yabo kuwa ita ce gasar teloli. A 1957 aka ba John F. Kennedy, yana sanata, kyautar Pulitzer saboda littafinsa Profiles in Courage. A ƙarshen shekarar wani ɗan jarida, Drew Pearson, ya faɗa a talabijin cewa wani ne ya rubuta masa. Lauyoyi suka taso, gidan talabijin ɗin ya janye maganar. Sai a 2008 mai rubuta masa jawabi, Ted Sorensen, ya bayyana a nasa littafin cewa shi ya yi zubin farko na yawancin babukan. Kyautar ta gwanintar rubutu ce, aka miƙa wa wanda ba shi ya yi mafi yawan rubutun ba.

Akwai kuma nauyin da ke kan marubucin shi kansa. A 2016, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓen Amurka, Tony Schwartz ya fito ya ce yana nadama, domin ya ƙawata Trump a littafi fiye da yadda ya san shi, jama'a kuma suka ɗauki hoton a matsayin gaskiya. Wasu suka yaba masa. Wasu suka ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, bai kamata ya ci kuɗi shekara kusan talatin sannan ya tona asiri ba. Kowane aka bi, darasin na lokacin karɓar aiki ne. Marubuci yana da damar ya ce ba zai rubuta cewa Alhaji ya gina asibitin da bai gina ba, ko ya shafa wa abokin hamayyarsa baƙin fenti da abin da ba shi da hujja. Ɓoye suna ba ya sauke alhaki, a wurin kotu ko a wurin Allah. Malamai sukan kawo hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar, mai gargaɗi ga wanda ke ƙawata kansa da abin da ba a ba shi ba. Wanda ya taya shi ƙawatar ma yana da kasonsa.

Bayan cutar mai suna da ta mai karatu, ta uku ita ce wadda ake yi wa mai alƙalami, kuma ita ta fi yawa a gida. Matashi ya yi wata da watanni yana rubuta tarihin wani babba. Ranar ƙaddamarwa a cika zaure, attajirai su yi ta sanar da miliyoyin da suka sayi kwafi ɗaya, shi kuwa yana can kujerar baya, a ƙarshe a sallame shi da kuɗin mota da “Allah ya yi albarka, yaro.” Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Marubutan fim ma suna da irin wannan kuka, inda ake ganin sunan mai kuɗi a gurbin mai labari.

Inda babu ja-in-ja

Akwai wuraren da ba sai an yi doguwar muhawara ba. Na farko shi ne makaranta. Kundin kammala karatu ba don a ji ra'ayin ɗalibi kawai ake nemansa ba, don a gwada ko ya iya bincike da rubutu ne. Wanda ya biya aka rubuta masa ya karɓi shaidar abin da bai iya ba, kuma da wannan shaida zai je ya koyar da yara, ko ya auna magani, ko ya duba ginin gada. Kasuwar ta zama ta duniya, har Kenya ta yi suna wajen matasa masu digiri da ke rubuta wa ɗaliban Amurka da Birtaniya aikin makaranta. Ostareliya ta haramta sana'ar a 2020 da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara biyu, Ingila ta bi sahu a 2022.

Na biyu shi ne binciken lafiya. A 2008 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga nazarin takardun kotu da suka nuna cewa rahotanni da dama kan maganin ciwon gaɓɓai Vioxx ma'aikatan kamfanin Merck ko marubutan haya ne suka tsara su, sannan aka nemo manyan malaman jami'a aka sa sunayensu a gaba. An riga an janye maganin daga kasuwa tun 2004 saboda haɗarin bugun zuciya. Likitan da ya karanta rahoton sunan farfesa ya gani ya amince. A nan sunan shi ne hajar da aka sayar.

Kasuwar da ke jira a gida

Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, ƙaramin aiki ya fara kuɓuce wa masu shagon kwamfuta. Takardar neman aiki da saƙon taya murna yanzu waya na iya zubo su cikin daƙiƙa. Abin da manhaja ba ta iya ba shi ne ta cire takalmi ta shiga zaure, ta gaida dattijo, ta jira ya gama lazimi, ta san tambayar da za ta buɗe masa baki.

Irin wannan aiki kuwa yana nan jibge. A 'Yankwashi da Roni da Gwiwa da Babura akwai tsofaffin malaman firamare na zamanin En'e, da dagatai, da waɗanda suka yi siyasar NEPU da NPC da ƙafarsu, da fataken da suka san hanyar Damagaram tun kafin kwalta, da ungozomomin da rabin gari ya faɗo a hannunsu. Akwai waɗanda suka ga yunwar farkon shekarun 1970, suka ga ranar da aka yanke Jigawa daga Kano a 1991. Kaɗan ne daga cikinsu za su taɓa zama su rubuta littafi. Garin Kazaure kuma yana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya mai sunan Hussaini Adamu, da cibiyar koyar da fasahar kwamfuta ta jiha, ga matasa masu ilimi da ke neman abin yi.

Wanda zai shiga sana'ar yana bukatar takarda ɗaya kafin ya kunna na'urar ɗaukar murya. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bar haƙƙin aiki a hannun wanda ya ƙirƙire shi tun farko, sai in an yi yarjejeniyar da ta ce akasin haka, kuma mayar da haƙƙin ga wani ba ya inganta sai a rubuce. Takardar yarjejeniyar ta faɗi nawa ne ladan da kuma kashi nawa za a biya shi. Ta faɗi inda sunan marubuci zai fito: a bango tare da na mai littafi, ko a shafin godiya, ko babu shi sam. Ta faɗi wanda ke da maganar ƙarshe a kan abin da za a cire, da abin da marubuci ba zai taɓa fitarwa ba daga sirrin da ya ji. Ta kuma faɗi wanda zai riƙe muryoyin da aka ɗauka, da wanda zai amince da bugawa daga cikin magada idan mai labarin ya rasu aiki bai ƙare ba. Shaidu biyu su sa hannu, ɗaya daga dangin mai littafi, ɗaya daga ɓangaren marubuci, kowa ya riƙe kwafinsa.